Kundin Ƙungiya da Buɗaɗɗiyar Manhaja a Ƙasar Kura da Bunkure

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano a tsakiyar rani, sa'ad da ƙasa ta bushe ƙamas, iska tana ta kwasar ƙura da karmami, in ya wuce Kura ya doshi Kadawa da Kwanar Gafan, zai ga gonaki kore shar dama da hagu, ga shinkafa, ga tumatir, ga alkama da albasa, kai ka ce damina ce ta manta ba ta tafi ba. Asalin wannan ni'ima kuwa ita ce madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka janyo ruwanta ta babbar magudana zuwa ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam, bisa niyyar a shayar da hekta 22,000 a kashin farko na aikin, kana daga baya ragamarsa ta koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976.

To, ruwan da mutum dubu suke sha daga magudana guda ba ya rabuwa da adalci sai da tsari, domin wanda gonarsa take kusa da mashigar ruwa, in ba a tsawata masa ba, zai ƙoshi har ya yi ɓarna, alhali na ƙarshen hanya yana kallon shukarsa tana yaushi. Saboda haka aka kakkafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, kowane sashe da tasa, da uwar ƙungiya a bisansu. Kuma shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da kuɗi dala miliyan 495 domin gyaran manyan ayyukan ban ruwa na Arewa, irin su Bakolori da Kwarin Haɗejiya da wannan na Kogin Kano, ya ɗora wa ƙungiyoyin nan nauyi mai yawa, wato karɓar kuɗin ruwa, da yasar ƙananan magudanai, da cire kacalla, da tsara ranar da kowa zai sha. Ban da su akwai ƙungiyar manoman shinkafa ta RIFAN, da ta masu tumatir, da na gama kai, da na matan da suke turara shinkafa, da na masu injin casa, har da wuya ka sami magidanci a wannan yanki wanda sunansa ba ya cikin littafin wata ƙungiya.

Wannan littafi shi ne abin da nake so mu yi nazari a kansa, gama shi ne ran ƙungiya, ko da yake galibi ba a ba shi darajar da ake ba hatimi da kujerar shugaba. Sau da yawa littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, yana ajiye a ɗakin magatakarda, shi kaɗai ya san ma'anar alamomin da ya yi a gefen sunaye. Ran da ya yi tafiya aiki ya tsaya, ran da aka kayar da shi zaɓe ya yi fushi ya riƙe, ran da Allah ya karɓi abinsa kuwa sai a shiga neman littafi cikin kayan gado. Ga shi kuma mu'amalar gona a ƙasar ban ruwa tana da rassa: wannan ya gada, wancan ya saya, wani haya ya kama ta kaka ɗaya, wani jingina ce a hannunsa shekara da shekaru, har ya zamana mai gona daban, mai nomanta a bana daban, wanda ake bi kuɗin ruwan bara kuma daban. In husuma ta tashi, kowa ya rantse, babu hujja sai abin da ƙwaƙwalwar dattawa ta riƙe. Ba banza ba aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a ƙarshe-ƙarshen Suratul Baƙara, ta sauka ne a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Manoma kuma sun riga sun gani da idonsu, tun daga rabon taki ta wayar hannu da aka fara a 2012 lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, har zuwa bashin noma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, cewa wanda sunansa ya shiga jeri shi ne manomi a wurin hukuma, wanda bai shiga ba kuwa, ko da kafaɗarsa ta yi kanta da garma, ba a san da shi ba.

Masana kwamfuta suna da wata irin manhaja da ake kira tsarin sarrafa abin da ke cikin shafi, wadda amfaninta shi ne mutumin da bai san ilmin rubuta manhaja ba ya iya buɗe shafin intanet, ya sa sanarwa, ya gyara, ya ajiye takardu, ya kuma ƙayyade wa zai ga me, wa zai iya taɓa me. Mashahurai daga cikinsu uku ne: Drupal, wadda wani ɗalibi ɗan Beljiyam, Dries Buytaert, ya fitar a 2001, da WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, wadda a yau sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke, da Joomla ta 2005. Dukkansu buɗaɗɗu ne, ma'ana rubutun da aka gina su da shi ba a ɓoye yake ba, kowa yana da izinin ya ɗauka, ya karanta, ya gyara, ya ba wani, ba tare da ya biya kuɗin lasisi ba. Wanda ya kafa harsashin wannan ra'ayi shi ne Richard Stallman na Amurka, wanda ya fara da'awarsa a 1983, ya kuma fitar da lasisin GPL a 1989, da sharaɗi guda mai hikima: duk wanda ya gyara manhajar ya rarraba ta, wajibi ne ya bar ta a buɗe kamar yadda ya same ta. Almajirin fiƙihu ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin ya yi kama da hukuncin waƙafi, wanda ake cin amfaninsa amma asalinsa ba ya zama mallakar mutum ɗaya, balle ya kulle ya hana jama'a.

Amma fa shafin sanarwa kaɗai ba shi ne buƙatar ƙungiya ba, kuma a nan ne da yawa suke yin kuskure, su kashe kuɗi a yi musu shafi mai hoton shugabanni da jawabin maraba da Turanci, wanda ba manomin da zai taɓa buɗewa, shekara ta zagayo a kasa biyan kuɗinsa ya mutu. Abin da ya fi dacewa da su shi ne wata manhaja da ake ɗorawa a kan waɗancan ukun, sunanta CiviCRM, wadda aka fitar a 2005 musamman domin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, kuma Gidauniyar Wikimedia mai riƙe da Wikipedia da ita take lissafin masu ba ta gudummawa. Aikinta shi ne riƙe kundin mambobi: kowane mutum da shafinsa, ranar shigarsa, abin da ya biya da abin da ake binsa, taron da ya halarta, da alaƙarsa da wasu. Ana iya ƙara mata gurabe gwargwadon buƙata, a sa lambar gona da faɗinta da magudanar da take sha, a ɗaure sunan mai gona da na ɗan haya, a rubuta ranar da hayar za ta ƙare, yadda in ma'aji ya tashi neman kuɗin ruwan rani ba zai je yana ƙwanƙwasa ƙofar marayu ba alhali wani ne ya noma. Tana karɓar lissafin kuɗin hannu, ba sai na banki ba, tana fitar da rasit, ana kuma iya haɗa ta da hanyar aika saƙon tes, domin manoman sashe guda su sami labari cikin Hausa a ƙaramar wayarsu cewa ranar Talata za a rufe ruwa domin yasa. Mafi girman fa'idarta a ganina ita ce ana iya saita ta ta riƙa ajiye tarihin kowane gyara, da sunan wanda ya yi shi da lokacin da ya yi, don haka sunan da aka cusa da dare ko bashin da aka goge a ɓoye ba ya ɓacewa ba alama.

La'alla mai karatu ya ce, ai akwai kamfanoni masu sayar da irin wannan hidima a shirye, ga kuma WhatsApp da Facebook da kowa ya iya. Haka ne, kuma zauren WhatsApp yana da amfaninsa wajen kiran taro. Sai dai ba kundi ba ne, domin magana tana binne magana a cikinsa, kuma wanda ya buɗe shi da lambarsa yana iya korar wanda ya so. Hidimar kamfani kuwa galibi da dala ake biyanta wata-wata, kuma wanda ya ga yadda naira ta faɗi tun daga tsakiyar 2023 ya san abin da wannan yake nufi ga ƙungiyar da kuɗin shigarta daga aljihun manoma yake fitowa. Haka nan kowane shirin tallafi yana da wa'adi, ran da ya cika ma'aikatansa su naɗe tabarmarsu, kuma in kundin a cikin manhajarsu yake, wadda ba wanda yake da ikon buɗe ta sai su, to ƙungiya ta koma baƙuwa a kan sunayen 'ya'yanta. Da buɗaɗɗiyar manhaja, in an saɓa da wanda ya kafa ta, sai a kwashe kundin ɗungurungum a kai wa wani gwani ya ci gaba daga inda aka tsaya.

Kada kuwa a ruɗi kowa da cewa kyauta ce. Lasisi ne kaɗai ba a biya. Akwai kuɗin hayar babbar kwamfutar da za ta riƙe kundin dare da rana, da kuɗin rajistar sunan shafi kowace shekara, wanda hukumar NiRA take kula da shi ga sunayen da suka ƙare da alamar Nijeriya, da kuɗin data, da hasken rana na cajin na'ura a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Abin da ya fi waɗannan duka nauyi shi ne kulawa, domin masu kutse kullum suna laluben shafukan da aka bari ba sabuntawa, musamman ta ƙananan manhajojin da ake liƙa wa WordPress barkatai, kuma CiviCRM, gaskiya, ba ta da sauƙin kafawa ga wanda bai goge ba. Wannan aiki farilla ce ta kifaya, in wani ya ɗauka ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi asara. Alhamdu lillahi ba a rasa samari da 'yan mata a Kura da Bunkure da suka karanta ilmin kwamfuta a Jami'ar Bayero ko a jami'ar kimiyya ta Wudil; amma a yanka musu lada sananne a cikin kasafin ƙungiya, gama aikin da aka jingina ga sa kai kaɗai yakan tsaya ran da mai yinsa ya sami aiki a Abuja.

Game da raunin sadarwa a cikin gonaki, akwai ODK da KoboToolbox, su ma buɗaɗɗu, waɗanda ake cike bayani da su a waya ba tare da intanet ba, har da alamar wurin da gona take, in an dawo gari a tura. Ƙofar fassara waɗannan manhajoji zuwa Hausa ita ma a buɗe take ga duk mai himma.

Sai batun sirri, wanda bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Kundin da ya tara sunan mutum da lambar wayarsa da faɗin gonarsa da bashin da ke kansa, abin kwaɗayi ne ga ɗan siyasa a lokacin zaɓe, da ɗan damfara mai kira da sunan banki. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta wajabta wa duk mai tara irin wannan bayani ya kasance da hujjar tara shi, ya tsare shi, kada ya yi amfani da shi a kan abin da ba domin shi aka karɓa ba, kuma tun kafin dokar shari'a ta riga ta hana tajassusi da tona asirin musulmi. Abin da ya cancanci a baje a fili shi ne jimillar abin da aka tara da inda aka kashe shi, da jadawalin ruwa, da ƙudurorin taro; sunayen waɗanda ake bi kuwa su tsaya tsakanin ma'aji da kwamiti da wanda ake bin.

Ƙungiyar mata ashirin masu adashi ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin wannan, littafinta da amintacciyar uwar adashi sun wadatar. Inda abin yake da ma'ana shi ne uwar ƙungiya mai mambobi dubbai, ta kafa kundi guda, ta ba kowane sashe ikon ganin nasa kaɗai, kuɗin kulawa ya rabu a kan kowa ya yi sauƙi. Ko a can ma kada a jefar da takarda: a ƙarshen kowace kaka a buga jerin sashe, a karanta shi da babbar murya a gaban jama'a da mai unguwa, domin wanda bai iya karatu ba ya ji sunansa da eka nawa aka rubuta masa, ya yi gyara in akwai. Kana a rubuta cikin tsarin mulkin ƙungiya cewa sunan shafi da sunan ƙungiya za a yi rajistarsa, ba da na wani mutum ba, kalmar sirri ta babba tana hannun mutum biyu, ana kwafe kundin kowane wata a ajiye a wuri dabam, kuma shugabannin da suka sauka za su miƙa waɗannan duka tare da hatimi da littafin banki a ranar da sababbi suka karɓi aiki.