Ciwon da Ya Ƙi Tafiya: Me Ke Faruwa a Jiki, Kuma Me Haɗin Kemis Ke Yi Maka?

Idan kana zaune a Birnin Kudu ko Gwaram, ka san mutumin nan ko da ba ka san sunansa ba. Manomi ne a Kiyako, ko ɗan dako a kasuwar Sara, ko kuma dattijuwa ce a Basirka da ta shekara arba'in tana daka da jan ruwa a rijiya. Duk yamma sai ya tsaya a kemis ya ce, "A haɗa min na ciwon jiki." Sai a ƙulle masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, fari da ja da rawaya, babu suna babu takarda. Ya sha, ya samu barci, gobe ya koma gona. Shekara uku ke nan ana haka. Wataƙila ma kai ne mutumin.

Likitoci suna raba ciwo gida biyu. Akwai na ɗan lokaci, kamar ka taka ƙaya ko fartanya ta sare ka. Wannan yana da amfani, don shi ke sa ka ɗauke ƙafa, ka kuma lallaɓa wurin har ya warke. Sai kuma ciwon da ya wuce wata 3 yana nan, ko yana tafiya yana dawowa. Shi ake kira ciwo mai daɗewa. A sabon kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, an ware masa babinsa, domin a wasu mutanen ciwon kansa ne ya zama cutar.

Yadda jiki ke koyon ciwo

A fatarka da tsokarka da gaɓoɓinka akwai ƙananan jijiyoyi masu sansano haɗari: zafi, matsi, kumburi. Su ne ke aika saƙo ta laka, wadda ke cikin ƙashin baya, zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ce ke auna saƙon ta yanke shawarar ko za ka ji ciwo, da kuma yawan wanda za ka ji. Shi ya sa mutumin da aka yanke wa ƙafa kan ji yatsun ƙafar da babu ita suna masa zugi. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin cewa a cikin laka akwai wani abu mai aiki kamar ƙofa, yana ƙara saƙon ciwo ko ya rage shi kafin ya hau sama. Idan ka buge gwiwa ka murza wurin ka ji sauƙi, ƙofar nan ka ɗan tura.

To, matsalar ita ce jijiyoyi suna koyo. Ka ɗauki karen gida da ɓarayi suka taɓa firgitawa. Da can sai ya ga baƙo yake haushi, yanzu ko ganye ya faɗo sai ya tayar da unguwa. Haka jijiyoyin da suka daɗe suna ɗaukar saƙon ciwo suke komawa: abin da da bai isa ya dame ka ba, kamar sunkuyo ko taɓawar riga, sai ya zama azaba. Rashin barci da damuwa da fargaba suna ƙara wa karen nan haushi. Wannan ba ya nufin mai ciwon ƙarya yake yi ko raki gare shi. Canji ne na zahiri a jijiyoyi, kuma an auna shi a ɗakunan bincike.

A nan ne mutane da yawa ke yin asarar kuɗi. Mai ciwon baya ya sayar da akuya ya tafi Kano a yi masa hoto mai tsada, aka ce masa ƙashin bayansa ya "goge", ya dawo gida da tsoron motsi. Amma wani nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattara hotunan bayan mutanen da ba su da ciwon komai, ya samu irin wannan gogewar a kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, da kashi 96 cikin 100 na 'yan shekara 80. Kusan kamar furfura ce, ta ciki. Hoto yana da ranarsa, za mu zo kanta, amma ba kowane abin da ya nuna ne sanadin ciwonka ba.

Me ke cikin ledar nan?

Haɗin kemis ya bambanta daga shago zuwa shago, amma yawanci ba ya wuce farasitamol, da ɗaya ko biyu daga dangin dikilofenak da ibufurofen da firoksikam, wani lokaci da deksametason ko firedinisolon, wani lokaci kuma har da tiramadol. Yana aiki, ba mu musa ba. Da ba ya aiki ai da ba a komawa.

Dangin dikilofenak suna rage kumburi ne ta hanyar hana jiki haɗa wasu sinadarai. Sai dai sinadaran nan su ne kuma ke kare bangon ciki daga ruwan tsami, su ne ke taimakawa jini ya riƙa isa ƙoda yadda ya kamata, musamman lokacin da ruwan jiki ya yi ƙasa. Yanzu ka duba manomin da ya wuni a rana yana gumi, bai sha ruwa sosai ba, ya sha iri biyu a haɗe cikinsa babu abinci. Haɗa iri biyu ba ya ninka sauƙi, illar yake ninkawa: gyambon ciki, zubar jini a ciki, hawan jini, da lalacewar ƙoda wadda ba ta ba da sanarwa sai ta yi nisa. Idan bayan gidanka ya koma baƙi kamar kwalta, ko ƙafafunka da fuskarka suna kumbura, ka daina sha ka nufi asibiti a ranar.

Deksametason kuma shi ne mai sa mutum ya ji garau, ya ci abinci, kumatu su ciko, har a ce "ya yi kyau". A hankali yake tayar da suga, ya raunana ƙashi, ya karya garkuwar jiki. Wanda ya daɗe yana shan sa kada ya yanke shi rana ɗaya, domin jikinsa ya rage haɗa nasa sinadarin; likita ne zai riƙa rage masa kaɗan-kaɗan. Farasitamol ya fi sauran sauƙin illa, amma shi ma babban mutum kada ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma ka tuna yana ɓoye a cikin magungunan mura da yawa.

Tiramadol a kasuwa, mofin babu a asibiti

Wannan shi ne abin da ya fi ba mu takaici a duk batun. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 sun sha irin su tiramadol da kodin ba bisa umarnin likita ba a cikin shekara guda. Hukumar NAFDAC ta amince da tiramadol mai miligiram 50 da 100 ne, amma na fasa-ƙwauri mai 200 da 225 shi ke yawo a hannun matasa da 'yan ƙwadago, kuma yawansa na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. A Mayun 2018, bayan rahoton BBC kan shan kodin, gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi.

A ɗaya gefen kuma, matar da ciwon dajin mama ya ci ƙarfinta, ko yaron da sikila ta tasar wa, su ne ba sa samun maganin da ya dace da su. Mofin tsohon magani ne, mai araha, kuma tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a matakin ƙarshe na tsarinta na magance ciwon daji. Duk da haka, wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya gano a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafiya talauci suna samun ƙasa da kashi 1 cikin 100 na mofin ɗin da ake rabawa a duniya, kuma abin da ke isa Najeriya bai kai kashi 1 cikin 100 na buƙatarta ba. Dalilan sun haɗa da tsauraran ƙa'idoji, da ƙarancin horo, da tsoron da ma'aikatan lafiya ke yi kada su mayar da mara lafiya ɗan ƙwaya. Yuganda ta nuna akwai mafita: tun shekarun 1990 ake haɗa mofin na ruwa a can, a 2004 kuma aka ba ma'aikatan jinya masu horo na musamman izinin rubuta shi, har ya riƙa isa ƙauyuka.

Masu sikila sun fi kowa ɗanɗana wannan giɓin. Ana ƙiyasin jarirai kusan 150,000 ake haifa da cutar kowace shekara a Najeriya. Idan ta tashi, ƙwayoyin jini ne ke lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ƙashi ya rasa iska, ciwon kuwa sai wanda ya gani. Da yake mofin ba ya samuwa, allurar fentazosin aka fi yi musu. Wasu sukan koyi yi wa kansu a gida, daga nan sai sabo, sai gyambo a cinya, tsoka ta ƙandare. Sannan idan suka je asibiti suna kuka a riƙa yi musu kallon 'yan ƙwaya. Alhali akwai haidiroksiyuriya, ƙwayar da ake sha kullum, wadda gwajin da aka buga a 1995 ya nuna tana rage tashin ciwon da kusan rabi a manya. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsu sun gwada ta a yaran Kano da Kaduna don kare su daga shanyewar ɓarin jiki, aka buga sakamakon a 2022. Idan kana da mai sikila a gida wanda ciwonsa ke yawan tashi, ka tambayi likita ita da sunanta. Tana buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci, don haka ba ta saye a kemis ba ce.

Ina za ka dosa?

Ta wani fannin mutanen wannan yanki sun yi sa'a, tunda Cibiyar Lafiya ta Tarayya tana nan cikin Birnin Kudu, ga babban asibiti a Gwaram, ga Dutse ba nisa. Amma ga mutumin Fagam ko Farin Dutse, kuɗin mota da na kati da na gwaji, da wunin da zai rasa a gona, sun ninka kuɗin leda ɗaya ta kemis sau da yawa. Lissafinsa ba na wauta ba ne. Abin da bai shiga lissafin ba shi ne kuɗin wankin ƙoda. Yana da kyau ka tambaya a asibitin matakin farko na mazaɓarka ko za ka iya shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, wanda hukumar JICHMA ke gudanarwa.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Ciwon baya tare da rama, zazzaɓi da gumin dare yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Jinkiri ne ke kai mutum ga doro ko shanyewar ƙafafu. Ƙafafu su yi rauni, ko fitsari da bayan gida su ƙwace maka, ko ka daina jin taɓawa a tsakanin cinyoyi: wannan na gaggawa ne, kuma a nan hoto yake da amfani. Haka ciwon da ya biyo bayan faɗuwa daga bishiya ko babur.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, abin da bincike ya fi goyon baya zai iya ba ka mamaki: motsi. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon baya mai daɗewa ta ba da ƙarfi ga fahimtar da mara lafiya ciwonsa, da motsa jiki, da aikin likitocin gashi, ta kuma ce kada a dogara da dangin tiramadol ko ɗamarar baya. Doguwar kwanciya tana raunana tsoka, ta ƙara wa jijiyoyi tsoro. Ka fara da abin da za ka iya ko a ranar da ciwon ya tsananta, ko da tafiyar minti 10 ce, ka riƙa ƙarawa a hankali. Idan noma za ka yi, ka yanka aikin gida-gida maimakon ka sunkuya tun hantsi har azahar. Wanda kuma ciwonsa na ƙuna ne ko tsira kamar allura a tafin ƙafa, irin na masu ciwon suga, dikilofenak ba zai yi masa komai ba. Akwai wasu magungunan daban na jijiya, kamar amitiriftilin, waɗanda likita ke farawa da kaɗan.

Su wanzamai fa? Ƙaho yana ba wasu sauƙi na ɗan lokaci, wataƙila ta hanyar ƙofar nan da muka ambata. Abin kiyayewa shi ne aska: wadda aka yi wa wani amfani da ita tana iya ɗauko ciwon hanta. Mai sikila da mai ƙarancin jini kuwa ba su da jinin da za su bayar.

Saura dauriya. An tashe mu a kan cewa namiji ba ya kuka, mace ba ta ihu ko a kan gwiwa take, Bafulatani ba ya motsi a filin sharo. A gaban likita wannan tarbiyyar cutar da kai take yi, domin babu na'urar da ke auna ciwo, abin da ka faɗa da shi za a yi aiki. Idan aka tambaye ka, kada ka ce "da sauƙi" alhali ba ka yi barci ba. Ka faɗi tun yaushe ya fara, a ina yake, zugi ne ko ƙuna ko suka, me ya hana ka yi: ruku'u, noma, ɗaukar jika. Ka tafi da ledar haɗin da kake sha da duk kwalayen da ke gida, har da na gargajiya, ka zube su a kan tebur. Idan ka fi wata 3 kana shan su, ka roƙi a auna maka jini da fitsari a duba ƙodarka.