'OP' da 'nerf': Yadda ɗan wasa ɗaya ke ƙwace wa abokansa daɗin Dungeons & Dragons

Wasan Dungeons & Dragons ba ya buƙatar waya ko kwamfuta. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama a teburi ɗaya da takarda da fensir da ƙwayoyin jefawa irin na lido, sai dai wadda aka fi amfani da ita fuska 20 gare ta.

Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora, mai ba da labari da yanke hukunci. Sauran kuwa kowa na riƙe da jarumi guda: wani mayaƙi, wani matsafi, wani ɓarawo, kuma tare suke fuskantar dodannin da jagoran ya tanada.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a Amurka a 1974. Yanzu yana hannun kamfanin Wizards of the Coast, wanda Hasbro ya saya a 1999.

A tsawon waɗannan shekaru 'yan wasan sun saba da wani yare nasu, kuma da yawa daga cikin kalmomin a kan matsala ɗaya suke: yaya za a yi idan jarumi ɗaya ya fi ƙarfin kowa?

Kalmomin da za ka fi ji

"OP" na nufin doka ko makami ko sihirin da ƙarfinsa ya wuce kima.

"Nerf" shi ne rage wa irin wannan abu ƙarfi. Kalmar ta samo asali daga kayan wasan yara na soso masu suna Nerf, waɗanda ba sa jin ciwo idan an bugi mutum da su. Abin dariya, su ma Hasbro ne mai su. Kishiyarta ita ce "buff".

"Min-max" kuwa shi ne ɗan wasa ya tattara duk makinsa a abin da zai ba shi nasara, ya yi watsi da saura. Wanda ya zarce a haka har ya manta da labari da abokan zama, shi ake yi wa laƙabi da "munchkin".

Yadda doka ke wuce gona da iri

A bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014, akwai wata baiwa ta maharba mai suna Sharpshooter. Ɗan wasa zai yarda a rage masa maki 5 daga saitin harbinsa, idan kuma ya samu abokin gaba, sai a ƙara masa maki 10 na illa.

A takarda ciniki ne mai kyau. Amma ƙwayar dogon baka ba ta ba da abin da ya wuce 8, don haka ƙarin 10 ya fi bakan kansa. Sannan akwai wasu dokoki da ke cike giɓin makin 5 ɗin, kamar ƙarin maki 2 na ƙwarewar harbi da damar jefa ƙwaya sau biyu a ɗauki mafi girma.

Misalin da ya fi shahara shi ne Pun-Pun, daga bugu na 3.5 da ya fito a 2003. Ƙaramar halitta ce mai kama da ƙadangare, wadda aka harhaɗa mata dokoki daga littattafai daban-daban har ƙarfinta ya zama ba iyaka. An tsara ta ne don nuna ramin da ke cikin dokokin, ba don a yi wasa da ita ba.

Wa ke asara?

Ba dodon ba ne. Zaman wasa ɗaya kan ci sa'a uku zuwa huɗu. Idan mutum ɗaya ne ke gama kowane faɗa kafin layi ya zo kan sauran, sun zama 'yan kallo ke nan.

Jagoran ma yana tsaka mai wuya. In ya kawo dodo daidai ƙarfin gwanin, sauran jarumai za su mutu. In ya kawo daidai nasu, gwanin zai share shi nan take.

Neman mafita

Kamfanin ya sha gwada gyara. Bugu na huɗu na 2008 ya daidaita ƙarfin jarumai sosai, amma wasu suka koka cewa mayaƙi da matsafi sun koma kusan abu ɗaya. Da yawa suka koma Pathfinder, wanda kamfanin Paizo ya fitar a 2009 bisa tsarin bugu na 3.5.

Akwai lokacin da shirin wasa na hukuma mai suna Adventurers League ya taƙaita 'yan wasa ga babban littafin dokoki da ƙarin littafi ɗaya kacal, abin da ya rage irin wannan harhaɗe-harhaɗe. A gyaran 2024 kuma an cire cinikin 5 da 10 daga Sharpshooter gaba ɗaya.

Sai dai galibi a teburi ake warware rigimar. Akwai abin da 'yan wasan ke kira "doka ta sifili", wato maganar jagora ta fi ta littafi. Ƙungiyoyi da dama kuma kan ware zama guda kafin a fara labari, kowa ya faɗi jarumin da yake so, a amince da abin da za a hana.

A irin wannan zama ne mai son lissafi da mai son labari ke sanin ko za su iya zama teburi ɗaya har labarin ya ƙare.