Gizo-gizon Da Ake Kiwo A Ɗaka

A Amurka da Turai akwai masu kiwon wani ƙaton gizo-gizo mai gashi, wai shi tarantula, cikin akwatin gilashi. Baƙo kan tambaya ko yana kisa. To, ba a taɓa tabbatar da cizonsa ya kashe mutum ba. Hasali ma shi ne ke cikin haɗari. In ya faɗo daga hannu, cikinsa kan fashe. In kuwa ya kwanta rigingine, ba mutuwa ya yi ba, saɓa yake yi, kuma taɓa shi a lokacin na iya halaka shi. Macen wasu iri takan haura shekara 20, saboda haka mai saye sai ya shirya wa doguwar amana.