"Daji Ba Ya Son Ƙarfe" Da Sauran Maganganun Da Ke Hana Mata Zuwa Asibiti

Cikin duk abin da ake faɗa kan sankarar mama a ƙasar Hausa, babu maganar da ta kai wannan ɓarna: wai daji ba ya son ƙarfe, da zarar allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Ana jin ta a gidan suna da gidan biki, daga bakin mutanen da ba su nufin kowa da sharri. Suna ma da hujjarsu: ai wance an kai ta asibiti, aka cire nonon, ba ta rufa shekara ba ta rasu.

Abin da ba a tambaya shi ne yaushe aka kai ta. A Najeriya yawancin masu wannan cuta ba sa isa hannun likita sai ta kai mataki na uku ko na huɗu, bayan an sha jiƙo, an shafa na shafawa, wani lokaci har nonon ya fashe ya zama gyambo. Sau da yawa kafin nan cutar ta riga ta bi hanyoyin jini da kaluluwar hammata ta sauka a ƙashi ko huhu ko hanta. Jinkirin ne ya yi kisan, aka ɗora wa wuƙa laifi. Allurar da ake ɗebo ɗan nama da ita a kai ɗakin gwaji ba ta watsa cutar, kuma gwajin naman ne kaɗai ke tabbatar da ko ƙullutun daji ne ko ba shi ba ne. Inda maganar take da ƙamshin gaskiya shi ne yankan da bai dace ba: tsagar wanzami, ko a cire ƙullutu a wani ƙaramin asibiti a jefar ba tare da an gwada ba. Duk wadda aka cire mata ƙari a nono, haƙƙinta ne ta nemi sakamakon gwajinsa a rubuce.

Lissafi ma yana nuna haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da cutar, 670,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 90 cikin 100 na masu cutar suna raye bayan shekara biyar da ganowa, a Afirka ta Kudu kuwa kusan kashi 40 ne. Can inda aka fi tsira, can ne aka fi yin tiyatar.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi shiga rai saboda kamar hankali ce: tunda ba ya zafi, ba komai ba ne. Akasin haka ne. Ƙullutun daji a farkonsa galibi ba ya ciwo ko kaɗan, shi ya sa mace ke iya zama da shi wata da watanni tana harkokinta. Gaskiya ne cewa yawancin ƙullutun nono ba daji ba ne, musamman ga 'yan mata, waɗanda kan samu wani ƙari mai santsi da ke gudu ƙarƙashin yatsa. Amma hannu ba ya rarrabewa. Ba ƙullutu kaɗai ake lura da shi ba: kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, jini ya riƙa fita daga gare shi, fata ta lotsa ko ta yi kauri da ramuka kamar ɓawon lemo, ko a ji kumburi a hammata. Mai shayarwa ta ƙara kula, domin sau da yawa akan ce ruwan nono ne ya daskare. Idan ƙullutu ya ƙi bajewa bayan mako ɗaya ko biyu, a je a duba.

Ajiye kuɗi ko waya a rigar mama, da sanya baƙar rigar mama: babu binciken da ya tabbatar suna jawo daji. Saƙon nan da ke yawo a WhatsApp cewa tsotson miji riga-kafi ne, shi ma ƙirƙira ce, ko da yake an san wa ta yi wa daɗi. Shayar da jariri kuwa yana rage haɗarin da gaske, kusan kashi 4 cikin 100 a kowace shekarar shayarwa, sai dai ragi ne, ba kariya ba. Matan da suka shayar da 'ya'ya takwas ma suna kamuwa.

"Mu babu shi a danginmu" ba ta kuɓutar da kowa. Wanda ake gada bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba, kuma kusan rabin masu cutar ba su da wani dalili da za a nuna in ban da kasancewarsu mata da ƙaruwar shekaru. Wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi, ita ce ya kamata ta fara gwaji da wuri. Ba cutar tsofaffi kaɗai ba ce: a nan ana yawan ganin ta ga mata masu shekara arba'in da 'yan kai, har da waɗanda ba su kai ba.

Tsoron na'urar mamogram mai ɗaukar hoton nono, wai haskenta ke haddasa dajin, bai da tushe. Hasken da jiki ke sha a gwaji ɗaya bai wuce wanda yake sha daga muhalli cikin kimanin mako bakwai ba. Akan fara ta daga shekara 40, matasa kuwa sikanin ya fi nuna nasu. Inda babu ko ɗaya, mace ta saba da nononta, ta riƙa dubawa 'yan kwanaki bayan ɗaukewar al'ada, ta kuma bari ma'aikaciyar lafiya ta duba ta. Mai jin kunyar likita namiji ta buɗi baki ta nemi mace, ko ta shiga da 'yar rakiya.

Akwai ƙorafin da ba jita-jita ba ne, wato tsada da nisa. Maganin kemo na cin kuɗi, na'urorin gasa daji da haske kuma 'yan kaɗan ne a Arewa, a manyan asibitoci irin na koyarwa na Shika da na Sakkwato, ga layi. Amma wannan dalili ne na gaggawa, don ƙaramin ƙari ya fi arhar magani, wani lokaci ma a cire shi a bar nonon. Gwamnatin tarayya na da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, wanda Shika da Gombe da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ke cikin wuraren da ya fara aiki. A tambaya a sashen jin daɗin marasa lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya na so a kammala gwaje-gwaje cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kai kukanta asibiti. A gidaje da yawa kuwa, izinin fita da kuɗin mota na wannan rana ta farko a hannun maigida suke.