Ko Kun Sani? Fim Ma Tela Ne

Ko kun san cewa baƙar rigar da Hubert de Givenchy ya tsara wa Audrey Hepburn a fim ɗin Breakfast at Tiffany's na 1961 har yau ana kwaikwayon yankanta? Mu ma muna da namu. Tun daga Turmin Danya na 1990, zuwa Sangaya da ya fito da Fati Mohammed, finafinan Kano sun zama wurin da mata ke ganin sabon ɗinki. A Haɗejiya ma, mace kan kai wa tela atamfarta, ta nuna masa hoton jaruma a waya, ta ce irin wannan wuyan da wannan hannun take so.

Wasu na cewa fim ya lalata suturar Bahaushiya, kwaikwayon Indiya ne kawai. Tasirin Indiya gaskiya ne, amma zargin ya wuce gona da iri. Tun 2001 Hukumar Tace Finafinai ta Kano ke sa ido kan shigar jarumai, kuma atamfa da leshin da suke sawa irin na Kantin Kwari ne. Telan ma ba ya kwafa ido rufe: yakan rage faɗin wuya, ya ƙara tsawon hannu, ya bar wa mayafi wurinsa.