Nono kaɗai ba ya isar maraƙi

Makiyayi, saurara. Cikin jinin maraƙi akwai wani gishiri, sunansa manyeziyom. Shi ke sa jijiyoyi su natsu. Nono ba shi da gishirin nan da yawa. In maraƙi ya kai wata 2 zuwa 4 yana shan nono kaɗai, gishirin yakan ragu cikin jininsa. Zawo yana ƙara rage shi.

Ga alamun ciwon: yana kaɗa kunnuwa, yana firgita, ƙafafu su sandare, ya faɗi yana shure-shure. Yana iya mutuwa nan take.

Tun yana ɗan sati 2, fara ba shi harawar wake da dusa. In ya faɗi, a bar hayaniya kusa da shi. Maza kira likitan dabbobi ya yi masa allura.