Shaidar Agogo da Shaidar Jiki: Cinikin Tsohuwar Ƙaramar Mota a Amurka

A cikin tallace-tallacen tsofaffin motoci da ake bugawa a Amurka, akwai wani iri wanda duk masanin harkar da ya ci karo da shi sai ya dakata ya sake karantawa: ƙaramar mota ta farkon shekarun 1960, Ford Falcon ko Plymouth Valiant ko Rambler American, fentinta na asali, hannu ɗaya ya riƙe ta tun fitowarta daga kanti, kuma agogon da ke ƙidayar tafiyarta bai haura mil 30,000 ba, watau kimanin kilomita 48,000. Idan aka tuna cewa mutumin Amurka mai zuwa aiki da mota yakan cinye mil 10,000 a shekara ba tare da ya yi wata doguwar tafiya ba, to ma'anar wannan talla ita ce motar ta haura shekara sittin a duniya, alhali aikin da ta yi bai fi na shekara uku ba. Wannan da'awa ce babba, kuma kowace da'awa tana bukatar hujja; amma kafin a zo ga hujjar, ya kamata mai karatu ya san irin motar da ake magana a kanta, da dalilin da ya sa samunta a wannan hali ya zama abin mamaki.

A shekarun 1950, lokacin da arziki ya bunƙasa a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, fetur ya yi araha, aka shimfiɗa manyan hanyoyi, sai manyan kamfanonin nan uku na birnin Detroit, General Motors da Ford da Chrysler, suka shiga tseren ƙara wa motoci tsawo da nauyi da ƙyalƙyali, har ta kai Cadillac ta 1959 ta fito da wasu dogayen fikafikai a bayanta waɗanda ba su da wani amfani sai ado. Wanda ya fara yin nasara da saɓa wa wannan al'ada ƙaramin kamfani ne, Nash, wanda shugabansa George Mason ya fito da Rambler a 1950. Da Nash ya haɗe da Hudson a 1954 suka zama American Motors, kuma Mason ya rasu a wannan shekarar, sai George Romney ya gaje shi, ya ɗora makomar kamfanin kacokan a kan ƙaramar mota, yana yawo gari gari yana kushe almubazzarancin manyan motoci da yawan man da suke sha. Da farko manya ba su kula shi ba. Amma da tattalin arziki ya ja baya a 1958, mutane suka fara ƙirga kuɗin mai, motocin ƙasashen waje, musamman Volkswagen ta Jamus, suka kai kusan kashi goma cikin ɗari na kasuwa a 1959, kuma Studebaker ya farfaɗo da ƙaramar motarsa Lark, sai Detroit ta farga cewa akwai ɗimbin masu saye da ta yi watsi da su.

A ƙarshen 1959 kamfanonin uku suka fito da amsarsu kusan lokaci ɗaya, kowanne bisa ɗabi'arsa. Chevrolet na General Motors ya yi Corvair, ya sa injinta a baya, iska ke sanyaya shi ba ruwa ba, kuma ita ce motar da lauya Ralph Nader ya yi wa kakkausan suka a littafinsa na 1965 saboda yadda take karkata a kwana. Chrysler ya yi Valiant da wani inji mai silinda shida a jere wanda aka kishingiɗar da shi gefe guda, injin da ya yi suna wajen juriya har makanikai suka riƙa ba da labarinsa. Ford kuwa ya yi Falcon, wadda ta fi su duka sauƙi da rashin ƙawa, domin mutumin da ya tsaya mata, Robert McNamara, ma'abocin lissafi ne wanda yake ganin mota abin hawa ce kawai, a kai mutum inda za shi da kuɗi kaɗan. Shi ne kuma wanda Shugaba Kennedy ya naɗa sakataren tsaro a 1961. Farashin Falcon bai kai dala 2,000 ba, kuma a shekararta ta farko an sayar da fiye da 400,000. Kada kalmar ƙarama ta ruɗi mai karatu: tsawonta ya kai mita huɗu da rabi da ɗoriya, ta ɗan ɗara Peugeot 504 da muka sani, kuma tana ɗaukar mutum shida. Ƙanƙantarta a idon Amurkawa ne kawai.

To, a cikin arahar nan tata ne asirin ƙarancinta a yau yake. Mota mai tsada, tun ranar da aka saye ta ake tattalinta, a gina mata ɗaki, a lulluɓe ta, domin mai ita ya san darajarta. Ita kuwa Falcon da 'yan'uwanta motocin malamin makaranta ne da akawu da ma'aikaciyar asibiti, waɗanda suka saye su don aiki, suka more su iyakar morewa, suka miƙa wa 'ya'yansu, 'ya'yan suka ƙarasa su, aka kai gawar wurin masu narka ƙarfe ba wanda ya yi juyayi. Ga kuma gishirin da ake watsawa a hanyoyin jihohin arewa, irin su Michigan da Ohio, don narkar da ƙanƙara a lokacin hunturu, wanda yake cin ƙarfe daga ƙasa. Kuma da yake an ƙera waɗannan motoci bodi da ƙashin bayansu a haɗe, ba a kan shasi dabam ba, tsatsar da ta ci ƙasan mota ta ci ƙarfinta ne gaba ɗaya. Wasu Falcon ɗin ma an farke su ne don a gyara Ford Mustang, domin Mustang da ta fito a 1964 a kan ƙashin Falcon aka gina ta, kayansu da yawa ɗaya ne. Saboda haka abin da aka yi dubu ɗaruruwa, yau samun guda ɗaya wadda ba a taɓa ba ya fi samun wasu motocin alfarma wuya. Wadda ta tsira kuwa, galibi ta wani dattijo ce ko wata gwauruwa da ba ta fita sai kasuwa da coci, har wannan labari na tsohuwar da ba ta tuƙi sai ranar Lahadi ya zama abin da dillalan Amurka ke jingina wa kowace mota, gaskiya ko ƙarya.

Agogon motocin wancan zamani gurbin lamba biyar gare shi, ban da na gutsuren mil. Idan ya kai 99,999 sai ya koma sifiri ya fara daga farko, don haka 30,000 da ake gani tana iya zama 130,000 ba tare da kowa ya yi ha'inci ba. Ban da wannan, agogon na ƙarfe ne da 'yan ƙafafu masu juyawa, mai wayo yana iya cire shi ya mayar da lambobin baya cikin ɗan lokaci, kuma wannan algus ya yi yawa har majalisar Amurka ta haramta shi da doka a 1972, ta kuma ƙara tsaurara dokar a 1986, inda ta wajabta rubuta adadin mil a takardar mallaka duk sa'ad da mota ta sauya hannu. Sai dai dokar tarayya ta ɗauke wa tsofaffin motoci wannan wajibci na rubutawa, kuma kamfanonin da ke tattara tarihin motoci a kwamfuta suna aiki ne da lambar shaida mai gurbi 17, wadda ba a daidaita ta ba sai a 1981. Motar 1961 ba ta cikin wannan rumbu. Mai saye ba shi da hukumar da zai tambaya.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan nau'in ciniki, a babin tunkiya ko raƙumar da mai ita ya ƙi tatsa kwana da kwanaki domin hantsarta ta cika, mai saye ya ɗauka mai yawan nono ce. Hukuncin mafi yawansu shi ne mai saye yana da zaɓi idan gaskiya ta bayyana, ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i guda a madadin nonon da ya tatsa, domin an ƙawata masa zahiri an ɓoye masa baɗini. Mayar da agogo baya wannan laifin ne, ba ragi ba ƙari, kuma ina ganin wajibi ne a kan mai sayarwa, ko da bai taɓa agogon ba, ya faɗi a fili idan bai san ko ya taɓa zagayowa ba, maimakon ya yi shiru ya bar lambar ta yi masa ƙarya.

Da yake agogo shaida ɗaya ne, kuma wanda ake iya saye, masana sukan nemi shaidun da ba su iya haɗa baki. Sukan durƙusa su duba robar da ke kan abin taka burki da kuloci: a mil 30,000 zanen robar yana nan da kaifinsa, a mil 130,000 kuwa gefen da ƙafa ke sauka ya side har ƙarfe na leƙowa, idan kuma robar sabuwa ce fil a cikin tsohuwar mota, sai a tambayi dalili. Sukan buɗe ƙofar direba su ɗaga ta sama kaɗan, domin ƙofar da aka buɗe sau dubbai tana yin lako-lako a maƙalarta, kuma su gwada kushin direba da na fasinja su ga ko ɗaya ya lotsa fiye da ɗaya. A jikin ginshiƙin ƙofa sau da yawa akan tarar da 'yan takardun da gidajen mai suke mannawa idan sun canja baƙin mai, an rubuta kwanan wata da adadin mil da biro, wani a kan wani; idan na 1968 ya ce 19,000, na 1975 ya ce 26,000, to tarihin ya miƙe. Mafi daraja ita ce takardar farashi da ake liƙawa a gilashin sabuwar mota, wadda dokar 1958 ta wajabta kuma ake kiranta da sunan Sanata Monroney na Oklahoma, tare da rasiɗan gyara da safaya tayar asali a but, ƙasa ba ta taɓa ta ba. Idan waɗannan duka suka yi ittifaƙi, an sami abin da ya kusanci yaƙini.

Amma ko da da'awar ta tabbata, ƙarancin tafiya ba ƙuruciya ba ne, domin zama ma yana cin mota. Man burki yana tsotsar laima daga iska, ruwan ya kwanta a cikin silindar ƙafa ya yi tsatsa har fistin ya cije. Fetur ɗin da ya shekara a tanki yana zama danƙo mai wari, ya toshe kafireta. Robobin da ke tare mai a inji da giya suna bushewa su tsage, sai motar da ba ta taɓa ɗiga ba ta fara zubar da mai a makon farko da aka tashe ta, tiyon lagireto kuma ya fashe da zarar ruwa ya yi zafi. Taya tana iya kasancewa da zanenta cif alhali robarta ta mutu. An ga wannan ƙarara a watan Satumba na 2013 a ƙaramin garin Pierce na jihar Nebraska, inda aka yi gwanjon motoci kusan 500 na wani tsohon dillalin Chevrolet, Ray Lambrecht, wanda ya saba ajiye sababbin da bai sayar ba. Wata a-kori-kura ta 1958 da ba ta cika mil biyu ba an saye ta dala 140,000, amma da yawa daga waɗanda suka kwana a fili shekara da shekaru, komai ƙarancin lambar agogonsu, rana da ruwa da ɓeraye sun riga sun gama da su.

Akwai kuma abin da ya shafi rai, wanda bai kamata sha'awa ta rufe wa mutum ido a kansa ba. Yawancin motocin da aka yi kafin 1967 hanyar man burkinsu ɗaya ce, tiyo ɗaya ya fashe ƙafa huɗu sun rasa burki, ko da yake Rambler ta raba hanyar biyu tun 1962. Falcon ta 1960 ba lalle ne a tarar da bel a kujerunta ba, kuma injinta an yi shi ne don fetur mai dalma, wanda aka hana sayar wa motocin kan hanya a Amurka tun 1996. Fetur ɗin yau da ake gauraya shi da sinadarin itanol yana cin tsofaffin robobin hanyar mai.

Wanda ya saye ta zai tarar da kansa tsakanin abu biyu: kowane mil da ya ƙara yana rage abin da ya biya kuɗi dominsa, ajiyewa kuma ita ce ta jawo cututtukan da aka lissafa. Abin da nake gani daidai shi ne a raba kayan mota gida biyu. Duk abin da rai ya rataya a kansa, burki da taya da tiyo da bel, a sabunta shi ba tare da jinkiri ba, a adana tsofaffin a kwali don mai saye na gaba. Fenti kuwa, da kushin, da tabarmar roba ta ƙasa, da alamun alli da ma'aikatan masana'anta suka bari a ɗakin inji, kada a taɓa su ko da sun dusashe, domin motar da aka sake wa fenti da ɗinki ana iya yin irinta ko yaushe in akwai kuɗi, amma wadda ke nuna yadda ma'aikacin Ford ya ɗaure ta a 1960, da irin abin da mai ƙaramin albashi yake samu da dala 2,000, in aka goge ta ba a mayarwa. Sa'an nan a riƙa fita da ita sau biyu ko uku a wata, tafiyar da za ta isa inji ya yi zafi sosai ruwan da ya taru a cikin mai ya ƙone, a ranar da hanya ta bushe kuma ba a watsa gishiri ba. Mil ɗari biyar a shekara ya wadatar da wannan, kuma a wannan gwargwado sai an yi shekara ashirin kafin lambar farko ta agogon ta juya daga 3 zuwa 4.